Tsatsar mahaɗar bodi a tsohuwar bas: me ya sa take dawowa bayan kowane fenti?

Tambaya: Ina da tsohuwar bas, Volkswagen T3 ƙirar 1988. Fenti yana ta kumburowa a kan layukan da fallayen bodi suka haɗu, musamman na tsaye da ke gefe da kuma magudanar ruwa ta bakin rufi. Sau biyu ana kankare wurin, a shafa fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar bodi da shi, a fesa fenti, amma shekara ba ta zagayowa sai ƙurajen su dawo. Akwai gyaran da zai ɗore, ko haƙuri zan yi?

Amsa: Akwai gyara, Malam, sai dai wurin da ake ta taɓawa ba nan ciwon yake ba. Ƙurjin da kake gani a fenti daga ciki ya taso, daga tsakanin ƙarafa biyu da ke kwance a kan juna, inda samfefa ba ta iya shiga. Wanda ya kankare waje ya rufe da fila, kitso ya yi maka da ƙwarƙwata, sau biyu kuwa.

Sai ka san yadda aka gina wurin kafin ka gane abin da ke cinsa. A masana'anta ana lanƙwasa bakin kowane falle ya koma ciki kamar leɓe, a haɗa leɓen wannan da na wancan, sannan inji ya matse su ya saki wuta, ya bar ɗigon walda, a matsa gaba kaɗan a sake wani ɗigon. Tsakanin ɗigo da ɗigo babu komai sai ƙarfe jingine da ƙarfe. Ɗan tsagin da ya rage a waje sai a cika shi da gam, a bi da fenti. Haka aka haɗa T3 tun da aka fara ƙera ta a 1979, haka kuma tsofaffin Ford Transit da Toyota HiAce da Mercedes Sprinter na farko, don haka abin da zan faɗa ya shafe su duka. Wasu ƙananan motoci sun samu bodi mai rufin tutiya gaba ɗaya tun a wancan zamanin, kamar Audi 80 ta 1986, amma motarka ba ta ci wannan gajiyar ba. Abin da ke tsakanin ƙarfenta da ruwa shi ne fenti da wannan gam ɗin.

Gam kuwa yana da shekarunsa. Bas doguwa ce, bodinta yana murɗawa a kowace gargada, ga rana ga sanyi, shekara 30 da ɗoriya. Gam ɗin yakan bushe ya tsage, tsagin da bai fi kaurin gashi ba. Wannan ya ishi ruwa, domin siririn wuri yana jan ruwa da kansa, yadda lagwani ke jan mai, kuma in ya shiga iska ba ta isa wurin balle ta busar da shi. A bakin tsagin akwai iskar oksijin da yawa, can ciki kuma kaɗan ce, kuma wannan bambancin yana mayar da wurin kamar ƙaramin batir wanda ɓangaren ciki ne ke narkewa. In akwai gishiri a ruwan, na iskar teku ko wanda ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, cin yana ƙara sauri. Abin da ya fi ɓarna shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki-ba-ninki. Tana kumbura ta buɗa leɓunan, gam ya ƙara tsagewa, ruwa ya ƙara shiga. Lokacin da fenti ya ɗago har ido ya gani, aikin ya daɗe da nisa.

Ruwan ma ba lallai daga waje yake shiga ba, kuma wannan ne masu gyara suka fi mantawa. Robar gilashi in ta tsufa tana zubo ruwa ta ciki, ya gangara a bayan allon da ke rufe bango ya taru a kan leɓen. Numfashin mutane da tururi suna zama raɓa a jikin ƙarfe mai sanyi. In an cusa audugar gilas ko soso a bango don rage zafi, shi kenan an ajiye jiƙaƙƙen tsumma a jikin mahaɗar. Ƙananan ramukan da aka bari a ƙasan ƙofa da ƙasan bodi don ruwa ya fita sukan toshe da laka. Saboda haka aikin farko ba na giranda ba ne. Cire allunan ciki, ka fitar da duk abin da aka cusa, ka haska tocila a bayan kowane layi da ke kumburi. Sa wani ya zuba ruwa a rufi da gilasai kana ciki kana kallo. In ba ka gano hanyar ruwan ba, duk abin da za a yi a gaba asarar fenti ce.

Daga nan sai gwaji, da sukundireba da maganaɗisu da ƙaramar guduma. Bi layin da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, fila ce mai kauri. Danna sukundireba a kan ƙurjin da ƙarfinka, kada ka ji tausayin motar, domin ƙarfen da sukundireba ta huda dama ya riga ya tafi. Ƙarfe mai lafiya yana amsa guduma da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa dum yake yi, kuma za ka ji garin tsatsa na zuba a ciki. Ta ciki ka duba leɓen da kyau. In a miƙe yake, fallayen biyu a manne, to da sauƙi. In ya yi tudu-tudu tsakanin ɗigon walda, ko yana ɓarewa falle-falle, tsatsa ta cika tsakiya.

An taɓa kawo mini wata bas wadda mai ita ke alfahari cewa an shafe masa layukan gefe, bangon ya zama sumul kamar ƙwai. Maganaɗisu ya faɗo ƙasa tun a gwajin farko. Da na sa kurfi, fila ta ɓalle gunduwa guda, kaurinta ya kai ɗan yatsa, bayanta jiƙe sharkaf. A ƙarƙashinta akwai ragar waya da aka tokare ramin da ita, sai wani farin silikon irin na bakin baho da aka ɗura a tsagin. Da na ja shi ya fito kamar igiya, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, yana fashewa a hannu. Abubuwa biyu suka kashe wurin. Fila tana shan ruwa ta riƙe, kuma ba ta lanƙwasa, alhali mahaɗa wuri ne mai motsi, don haka dole ta tsage a kan layin. Silikon na gida kuma, irin mai warin tsami idan ana matsa shi, asid yake saki yayin da yake bushewa, ga shi fenti ba ya kama shi. Kada ɗaya daga cikinsu ya kusanci mahaɗar motarka.

To, in ka yi sa'a leɓen lafiya lau yake, tsatsar a bakin tsagi kawai ta tsaya, ana iya gyarawa ba tare da yanka ba. A tone tsohon gam duka, har ƙasan tsagin, daga farkon layin zuwa ƙarshensa, ba inda ya kumbura kaɗai ba. Ni da guntun zarton ƙarfe da na wasa bakinsa ya yi ƙugiya nake yi, in ya ƙi a ɗan ɗumama shi da iskar zafi. A cire fenti kamar santimita 3 zuwa 5 a kowane gefe har sai an ga farin ƙarfe. Burushin waya a kan giranda yana da amfani wajen share gari, amma maƙaryaci ne: yana goge saman tsatsa ta yi sheƙi baƙi-baƙi, ka ɗauka ƙarfe ne. Abin da ke tono tsatsa daga cikin ƙananan ramuka shi ne feshin tsakuwa da kwamfaresa, da ƙaramar bindigar da ke feshi a wuri ɗaya. A tsaya a kan layin kawai, da iska matsakaiciya. Fallen bodi kaurinsa bai wuce milimita 0.8 zuwa 1 ba, in aka bi faffaɗan bango da feshi mai ƙarfi sai ya miƙe ya yi igiyar ruwa, garin neman gira a rasa ido. Kuma kada a yi da yashi. Ƙurarsa tana kawo cutar huhu ta silikosis wadda ba ta warkewa. Akwai niƙaƙƙen gilas da sauran tsakuwar da aka yi don wannan aiki. Bayan an gama a hure tsagin da iska sau da yawa, don tsakuwar da ta maƙale ita ma danshi take riƙewa.

Za a ce maka ka zuba maganin tsatsa. Iri biyu ne suka fi yawa: mai asid ɗin fosforik, da mai asid ɗin tanik wanda ke mayar da tsatsa baƙa. Suna aiki a kan siririyar tsatsa da ke fili. A cikin tsagi ina ɗari-ɗari da su, domin saman da suka taɓa kawai suke juyawa, ƙasa tana nan da ranta, ragowar asid ɗin kuma da wuya a wanke ta daga wurin da ruwa ba ya fita. Masu yin fentin efoksi, wanda ake fara shafawa a kan farin ƙarfe, da yawa ma suna gargaɗi kada a shafa shi a kan ƙarfen da asid bai fita daga jikinsa ba, saboda ba zai kama ba. In dole sai an yi amfani da shi, a bi umarnin da ke jikin gwangwanin wajen wankewa, sannan a busar da tsagin da iskar zafi har sai babu alamar laima.

Tsarin rufewa shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a ranar da aka fito da farin ƙarfe ake farawa, don in ya kwana cikin danshi da safe za ka tarar ya yi ja. A goge maiƙo. A fara da firaimar efoksi, wato fentin shimfiɗa, mai haɗi biyu da ake gaurayawa kafin a shafa, a shafa na farko da ƙaramin burushi ana cusa shi cikin tsagin, a bi da na biyu. Efoksi ba ya barin ruwa ya ratsa shi, saɓanin firaima mai kauri da ake gogewa don daidaita bodi, wadda ruwa ke ratsawa. In ya bushe sai gam ɗin mahaɗa na mota, na foliyuretan ko makamancinsa wanda ke karɓar fenti kuma yana zama da laushi. A manna tef a gefe biyu, a matsa gam ɗin bakin bututu na cikin tsagin don kada iska ta maƙale a ƙasa, a bi da yatsa cikin safar hannu ya ɗan lotsa kamar yadda masana'anta ta bar shi, a cire tef tun gam bai kama ba. Sannan fenti. In akwai lotsawa a gefen layin da ke buƙatar fila, a sa ta siririya a kan efoksi, kuma kada ta haye layin.

Zan gaya maka gaskiya a kan wannan hanyar: jinkiri take saye. In an yi ta da kyau kuma an tare ruwa ta ciki, tana iya kai ka shekaru masu yawa, amma ba wanda ya ga tsakiyar leɓen, don haka ba wanda zai rantse maka. Yadda ka ce ƙurajen suna dawowa cikin shekara, ina zargin aƙalla wasu layukan naka sun wuce wannan matakin.

In leɓen ya kumbura ko ya huje, sai yanka. Mai walda zai nemo ɗigon waldar masana'anta, waɗanda ke fitowa kamar ƙananan lotsawa in an goge fenti, ya huda su da bakin diril na musamman mai milimita 8 wanda ke cin falle na sama ya bar na ƙasa. Sai ya raba leɓunan da siririn kurfi. A yanke ruɓaɓɓen wuri har a shiga cikin ƙarfe mai cikakken kauri da santimita 2 ko 3, domin ƙarfen da tsatsa ta sirantar ba ya ɗaukar walda, hujewa yake yi yana gudu a gaban wuta. A fitar da siffar wurin a kwali, a yanko sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali, a lanƙwasa masa leɓe. Motoci irin taka ana samun sassan bodinsu da aka buga don gyara, kuma inda siffar ke da wuya sun fi a tsaya ƙirƙira.

A fuskar bango, baki da baki ake haɗa sabon ƙarfe da tsoho. Ɗora faci a kan rami ya fi sauri, shi ya sa ake yawan yinsa, amma me aka yi? An sake gina wata mahaɗar mai falle biyu, irin wadda ta jawo matsalar tun farko, wannan karon ma ba gam ɗin masana'anta. Inda leɓe zai hau leɓe kuwa dole ne a ɗora, sai a shafa wa fuskokin da za su haɗu firaima mai tutiya wadda aka yi don a yi walda a kanta, a huda ramuka na milimita 6 zuwa 8 a falle ɗaya bisa tazarar da masana'anta ta bi, a matse su gam-gam da filaya mai kullewa, a cike kowane rami da walda. Wannan ne ke maye gurbin ɗigon asali.

Injin da ya dace shi ne na MIG, mai turo wayar walda da kansa a cikin lulluɓin gas, da waya mai milimita 0.6 da gas ɗin argon haɗe da kabon dayoksaid. Waldar sanda tana huda siririn falle, ta gas kuma tana baza zafi har bango ya karkace, ko da yake na ga tsofaffin hannu da ke yin abin mamaki da ita. Ko da MIG ɗin ba a jan layi. Ɗigo ɗaya nan, a tsallaka can nesa a yi wani, a bari ya huce har a iya ɗora hannu, a dawo, har ɗigogin su haɗe su zama layi. Guntun jan ƙarfe a tokare a baya yana shan zafi kuma walda ba ta manne masa. Gurzawa ma a hankali, domin giranda tana iya karkatar da fallen da walda ta bari lafiya. In an gama a kashe fitila a haska tocila ta baya. Duk ƙaramar ƙofar da haske ya ɓullo ta cikinta, ruwa ma zai bi, sai a cike ta. Daga nan a koma tsarin da na faɗa, efoksi da gam da fenti, ciki da waje.

Magudanar rufi ta fi kowane wuri wahala domin fallaye fiye da biyu ne suka haɗu aka naɗe. In gam ne kawai ya tsage, a tone a bi tsarin farko. In ta ruɓe, a yanka gajere-gajere, ana gama ɗaya kafin a buɗe na gaba, don rufi faffaɗa ne kuma ba ya yafe zafi. A cire silin ɗin ciki tukuna. Ka kuma duba inda ƙafafun kariyar kaya ke matse magudanar, yawanci nan fenti ke fara fashewa.

Wasu wuraren kuma zancen rai ne. Tsatsa a kusa da inda ƙafar mota ke ɗaure, ko sitiyari, ko birki, ko inda bel ɗin kujera ya kama, ba a yi mata kwaskwarima. A gwajin lafiyar mota na Birtaniya, ruɓewar da ta raunana ƙarfe cikin santimita 30 daga irin waɗannan wurare tana sa mota ta faɗi gwajin, kuma ma'auni ne mai kyau ko a ina kake. Ƙarfen wuraren nan ya fi kauri, a mayar da irinsa. In za a yanke ƙasan bodi ko ginshiƙin ƙofa, a fara walda sandunan tokare a ramin ƙofar, in ba haka ba bodi zai sauka, ƙofar zamiya ta daina rufuwa daidai.

Kafin a kunna wuta a cire kan batir, a san inda tanki da bututun mai da wayoyi suka bi, a rufe gilasai don tartsatsin giranda yana nutsewa cikin gilas ya bar tabo. Mutum ɗaya ya tsaya a ciki da abin kashe gobara, domin tsohon kaki da gam suna ci a bayan bango ba tare da mai walda ya gani ba, kuma a ci gaba da leƙawa bayan an tashi aiki. Hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi, fenti mai haɗi biyu kuma da yawansa na ɗauke da sinadarin da ke illata huhu, wanda takunkumin ƙura ba ya tarewa.

Abu na ƙarshe a jerin aikin shi ne kakin feshi na cikin bodi, kuma sai fenti ya gama bushewa, don kaki yana hana fenti kamawa kuma yana cin wuta. A ɗumama gwangwanin a ruwan ɗumi ya tsinke, a fesa a bayan kowane leɓe da cikin kowane kwararo da dogon bututu, a rana mai zafi, har ya riƙa ɗigowa ta ramukan ƙasa. Halin da ya sa ruwa ke shiga tsagi shi ne zai ja kakin ya shiga ya zauna a wurin. Bayan nan a tsokane ramukan da waya don kada kakin ya toshe su, kuma kada a mayar da audugar gilas ɗin nan bango.

In aljihu bai kai yanka da walda a yanzu ba, bar fila da fenti na uku. Gyara robar gilashin da ke yoyo, buɗe ramukan ruwa, kankare garin tsatsa ta ciki, ka jiƙa leɓunan da siririn man hana tsatsa mai ratsawa, ka maimaita duk shekara. Motar za ta yi muni a ido amma cin zai ragu sosai. Ka dai faɗa wa mai walda ranar da ka kai ta cewa akwai mai a bangon, don ya wanke shi kafin ya kusanto da wuta. Sannan ka fara da layi ɗaya, wanda ya fi muni, ka tsaya a wurin lokacin da za a raba leɓen, ka ga abin da ke tsakaninsa da idonka kafin ku yi maganar sauran.